Karl Liniyus, Malamin Da Ya Tara Masu Shan Nono A Gida Ɗaya

Duk ɗalibin da ya shiga jami'a a ƙasar nan domin karatun ilmin halittu, ko a Dutsin-Ma ne, ko Katsina, ko Zariya, ba zai daɗe ba sai ya yi karo da wani suna da a ke liƙawa a bayan sunayen dabbobi. In ya buɗe littafi ya nemi akuya, sai ya tarar an rubuta Capra hircus, a gaba kuma an sa Linnaeus, 1758. Haka ga jaki, haka ga raƙumi da zaki da dorina da beguwa, har shi kansa ɗan Adam bai tsira ba. Mai wannan suna, wanda za mu kira Liniyus domin sauƙin faɗi, malamin jami'a ne mutumin ƙasar Suwidin, can arewacin Turai. Bai taɓa taka Afirka ba, yawancin namun dajinmu kuwa a hoto ko a fata ya san su. Duk da haka shi ne ya buɗe rajistar da har yau masana ke shigar da dabbobin duniya a ciki, shi ne kuma ya raɗa wa dabbobi masu shayarwa sunan da a ke koyar da su da shi a kowace jami'a. Ya kamata malaman makaranta su san labarinsa, domin yadda ya koyar ya fi abin da ya rubuta amfani gare mu.

An haife shi ran 23 ga watan Mayu, 1707, a wani ƙauye da a ke kira Rashult, a kudancin Suwidin. Ubansa Nils limamin Kirista ne na karkara, mai son aikin lambu ƙwarai. A wancan zamani talakawan ƙasar ba su da sunan zuriya, ana kiran mutum da sunan ubansa ne kawai. Da Nils zai shiga jami'a aka bukaci ya ba da suna na biyu, sai ya tuna da wani babban itace da ke gonar gidansu, ya juya sunan itacen zuwa Latin, ya mai da shi nasa. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu, domin haka 'yan makarantar Kwalejin Katsina suka riƙa ɗaukar sunayen garuruwansu a rajista, har sunayen suka bi 'ya'yansu.

Yaron ya tashi cikin lambu, yana tambayar ubansa sunan kowane tsiro. A 1717 aka kai shi makaranta a garin Vaxjo da nufin ya gaji ubansa a limanci. Karatun bai karɓe shi ba. Ya fi son yawon daji da zaman aji, har malamansa suka gaya wa uban cewa wannan yaro ba zai zama malami ba, an ce ma uban ya fara shawarar kai shi koyon dukanci. Wani likita da ke koyarwa a makarantar, Johan Rothman, shi ya hana. Ya lura abin da sauran malamai suka ɗauka shiririta ce, a gaskiya basira ce wadda jarrabawarsu ba ta aunawa. Ya ɗauke shi zuwa gidansa, ya koya masa ilmin jikin mutum da na tsirrai. Kowane hedimasta ya yi tunani a kan wannan kafin ya rubuta wa yaro mugun rahoto.

Ya shiga jami'ar Lund a 1727, bayan shekara guda ya koma ta Upsala. Talauci ya matsa masa a can har wani dattijon malami, Olof Celsius, ya gamu da shi a lambun jami'a, ya ji yadda ya ke kiran sunayen tsirrai, ya ba shi masauki da abinci da izinin shiga ɗakin littattafansa. A 1730, yana ɗan shekara 23, bai ko gama karatu ba, aka sa shi ya riƙa ba da darasi a madadin tsohon shaihin malami Rudbeck. A Upsala kuma ya yi aboki, Peter Artedi, wanda ya ƙware a sanin kifaye. Suka raba halittu tsakaninsu kamar masu rabon gado, suka yi alkawari in ɗaya ya riga mutuwa, ɗayan zai fitar da aikinsa.

Muƙamuƙin Doki A Bakin Hanya

A watan Mayu na 1732 wata ƙungiyar masana ta Upsala ta ba shi guzuri ya tafi Laplan, ƙasar ƙanƙara da ke ƙarshen arewa, inda rana ba ta faɗuwa da bazararsu. Ya yi wata biyar yana tafiya a kan doki, da ƙafa, da kwalekwale, fiye da mil 1,200. Ya zauna da mutanen Sami, makiyaya masu kiwon wata irin barewa mai ƙaho reshe-reshe. Daga gare ta su ke samun nono da nama da tufafi, suna kuma bin ta daga makiyaya zuwa makiyaya kamar yadda Fulaninmu ke bin shanu. Ya rubuta yadda su ke tatsa, da irin ƙudan da ke yin ƙwai a gashin dabbar, tsutsarsa ta huda fata ta shiga ciki.

A cikin wannan tafiya ne ya ga muƙamuƙin mataccen doki a yashe a bakin hanya. Dubban mutane sun wuce irinsa ba su waiwaya ba. Shi kuwa ya tsaya ya ƙidaya haƙoran, sai tunani ya zo masa cewa da zai san yawan haƙoran kowace dabba da irinsu, da yawan nonuwanta da inda su ke a jikinta, da ya iya jera dukan masu ƙafa huɗu bisa tsari na gaskiya. Daga wannan tunani ne aikinsa a kan dabbobi ya tsiro.

Abin da ya sa dabarar ta yi kyau shi ne kowa na iya gwada ta. Launi yana ruɗi, girma yana ruɗi, labarin maharbi kuma ya kan ƙaru a hanya. Haƙori kuwa ana ƙidaya shi, ba ya ruɓewa da wuri, yana kuma nuna abin da dabba ke ci. Dillalin shanu a kasuwar Dutsin-Ma da ke buɗe bakin sa ya duba shekarunsa ya san saniya ba ta da haƙoran gaba a sama, haka akuya da tunkiya. Yaron da ya taɓa kama gafiya ya san tana da manyan haƙoran gaba biyu a sama, biyu a ƙasa, ba ta da fiƙa. Mace mai tatsa ta san kan nonon saniya huɗu ne, na akuya biyu. Ilmin yana hannun mutane tun da daɗewa. Abin da Liniyus ya ƙara shi ne ya yi wa kowace dabba tambaya iri ɗaya, ya rubuta amsa a layi ɗaya, kamar yadda akawu mai kyau ke cika rajista.

A 1735 ya tashi zuwa Holan neman takardar shaidar likita. Ya riga ya nemi auren Sara Elisabet, 'yar wani likita a garin Falun, aka ce ya dawo da abin yi tukuna. A hanya ya biya ta Hambug, inda magajin gari ke da wani abin mamaki, wai gawar maciji mai kai bakwai, ana ta zuwa kallo, yana kuma jiran mai saye da tsada. Liniyus ya duba bakunan ya ga haƙoran ba na maciji ba ne, na wata 'yar dabba ce dangin bodari. An haɗa muƙamuƙai da ƙafafunta ne aka lulluɓe da fatun macizai. Ya faɗi haka a fili, darajar kayan ta faɗi, shi kuma ya ga gara ya bar garin da sauri.

A jami'ar Harderwijk ya sami takardarsa cikin 'yan kwanaki, da wani rubutu a kan zazzaɓi mai zuwa yana komawa. Ya ɗora laifin a kan yumɓun da ke cikin ruwan sha. Bai dace ba, sai a 1897 aka tabbatar sauro ne ke ɗauke da cutar. A wannan shekara ta 1735 aka buga masa littafinsa Systema Naturae, watau Tsarin Halitta, a garin Leiden. Bai wuce manyan shafi 12 ba, amma ya jera duwatsu da tsirrai da dabbobi a ciki. Kafin shekarar ta ƙare Artedi ya faɗa wani magudanar ruwa a Amsterdam da dare ya nutse. Liniyus ya cika alkawari, ya fitar da littafin abokinsa na kifaye a 1738. Ya yi shekara uku a waje, yana kula da lambun wani attajiri George Clifford, ya leƙa Ingila da Faransa, sa'an nan ya koma gida, bai sake fita Suwidin ba har ya mutu. Ya yi aikin likita a Stockholm, ya yi aure a 1739, a 1741 kuma aka naɗa shi shaihin malami a Upsala.

Yadda Ya Ke Koyarwa

Gidansa yana cikin lambun jami'a, ya kuma mai da lambun aji. Ban da tsirrai ya ajiye birai da aku da waɗansu dabbobin ƙasashen waje, domin ɗalibi ya ga abu da rai kafin ya karanta shi. Akwai wata dabbar Amurka mai zobe-zobe a wutsiya, wadda yarima mai jiran gado ya ba shi, ana kiranta Sjupp. Ta saba da laluben aljihun ɗalibai tana neman kayan zaƙi. A 1747 ta haura shinge kare ya kashe ta. Ya ji zafin abin, amma bai binne ta haka kawai ba, sai da ya feɗe ta ya rubuta bayanin cikinta.

Da bazara ya kan fita da ɗalibai bayan gari, wani lokaci su kai 200 ko fiye. Ba taron yawon banza ba ne, kowa da aikinsa: akwai mai rubuta abin da malam ya faɗa, akwai mai kula da horo, akwai mai harbo tsuntsu. Su fita da sassafe, su watsu cikin daji, in an tattaru kowa ya kawo abin da ya samo, malam ya ɗaga shi ya faɗi sunansa, da alamar da a ke gane shi, da amfaninsa. Da dare su dawo gari da ganguna da ƙahoni, furanni a huluna. Hayaniyar ta dami waɗansu manya, hassada kuma ta dami waɗansu malamai da azuzuwansu suka zama fayau, har a 1748 aka ja masa kunne ya rage. Ɗalibai 186 ne suka kare rubutun neman digiri a ƙarƙashinsa, yawancin abin da ke ciki kuwa daga bakinsa ya fito, bisa al'adar jami'o'in lokacin.

Tsarin da ya ke koya musu hawa-hawa ne, shi da kansa ya kwatanta shi da yadda a ke raba ƙasa. Mu ɗauki misali da namu. Mutumin Kuki yana cikin gidansu, gidan yana cikin ƙauye, ƙauyen yana ƙarƙashin Yandaka a Dutsin-Ma, gundumar kuma tana cikin masarautar Katsina. Haka kowane iri na dabba yana cikin dangi, dangi cikin rukuni, rukuni cikin aji. Sa'an nan ya taƙaita suna ya zama kalma biyu, ta farko ta dangi, ta biyu ta iri. Kafinsa sunan dabba a littafin masana ya kan zama jimla mai tsawo, kowane marubuci da tasa. Doki ya zama Equus caballus, jaki Equus asinus, da ji ka san gidansu ɗaya. Saniya mai tozo irin tamu ya kira ta Bos indicus. Ya fara da tsirrai a 1753, ya bi da dabbobi a 1758.

Ba shi ya fara rubuta littafin dabbobi ba. Aristo na Yunan ya yi, Jahiz na Basra ya yi Kitabul Hayawan, Damiri na Masar wanda ya rasu a 1405 ya yi Hayatul Hayawan, wanda malamanmu na zaure suka sani. Damiri ya jera dabbobinsa bisa haruffa ne, ya fara da zaki. Jerin haruffa yana da sauƙin nema, sai dai ba ya gaya maka wace dabba ce 'yar'uwar wace. Wannan shi ne gurbin da Liniyus ya cika.

Shekarar 1758

A bugun farko na littafinsa ajin farko na dabbobi sunansa masu ƙafa huɗu, kamar yadda magabata suka bari. Sunan yana da matsala. Ƙadangare da kada suna da ƙafa huɗu, ba kuwa 'yan'uwan akuya ba ne. Jemage yana tashi kamar tsuntsu, amma gashi gare shi, haihuwa ya ke yi, jemagiya kuma tana rungume ɗanta a ƙirji tana ba shi nono. Mutum ƙafarsa biyu. Ga kuma manyan dabbobin teku, wel da dolfin, marasa ƙafa ko ɗaya, waɗanda shi kansa ya bi Artedi ya bar su cikin kifaye shekara da shekaru, ko da ya ke tun zamanin Aristo an san da huhu su ke numfashi, suna kuma shayar da 'ya'yansu.

A bugu na goma, na 1758, ya jefar da tsohon sunan ya ƙago sabo, Mammalia, daga kalmar Latin mai nufin nono. Alama ɗaya ta tara su duka: uwa tana shayar da ɗanta. Sai wel ya fito daga cikin kifaye, ya zauna gida ɗaya da jemage da giwa da ɓera da mutum. Batun nono ya daɗe a ransa, domin a 1752 ya fitar da wani rubutu yana sukar matan masu hali da ke miƙa jariransu ga 'yan raino su shayar, alhali ko namun daji ba su yin haka. Mu da shari'a ta koya mana cewa shan nono yana ƙulla 'yan'uwantaka har ya haramta aure, ba za mu yi mamakin mutumin da ya ga zumunci a cikin nono ba.

Ya raba ajin rukuni 8, dangi 39, ire-iren da ya sani kuwa ba su kai 200 ba. Yau an san fiye da 6,000, jemagu kaɗai sun haura 1,400. Masana sun amince cewa sunayen dabbobi na ilmi daga wannan bugu su ke farawa, shi ya sa ɗalibi ke ta ganin 1758.

Malamin da zai koyar da wannan fanni zai sami riba in ya nuna wa ɗalibai inda Liniyus ya dace da inda ya kauce, domin a nan a ke ganin yadda ilmi ke gyara kansa. Ya tara raƙumi da saniya da akuya da tunkiya a rukuni ɗaya, wannan ya tsaya. Ya sa kura cikin dangin kare, alhali bincike ya nuna ta fi kusa da kyanwa da tunku. Raƙumin dawa ya sa shi cikin barewar Turai mai ƙaho reshe-reshe, daga baya aka ba shi gidansa. Karkanda, duk girmanta, ya ajiye ta tare da ɓera da zomo da beguwa, saboda ƙidayar haƙoran gaba ta ruɗe shi. Shi kansa zomo an raba shi da ɓeraye daga baya, domin yana da waɗansu ƙananan haƙora biyu a ɓoye bayan manyan na sama, abin da kowane ɗalibi zai gani da idonsa in aka ba shi ƙoƙon kan zomo. Jemage ya sa shi rukuni ɗaya da biri da mutum saboda nonuwansa biyu a ƙirji su ke. Dorina ya haɗa ta da doki, amma binciken ƙwayoyin gado da aka yi bayan 1990 ya nuna ba ta da ɗan'uwa mai rai da ya fi wel kusa. Abin mamaki, ya sa giwa da ayu a rukuni ɗaya, wannan kuwa binciken zamani ya gaskata shi, har ya ƙara musu da agwada da dabgi, duka tsatso ɗaya mai asali a Afirka.

Sunan ma ya sha gwaji. A 1799 aka bayyana wata dabba daga Ostareliya mai baki kamar na agwagwa da gashi a jiki, har masanan Ingila suka zaci ɗinki ne irin na Hambug. A 1884 aka tabbatar ƙwai ta ke yi. Ba ta da kan nono, amma nono yana tsattsafowa daga fatar cikinta 'ya'yan su lasa. Da haka ta shiga ajin, sunan kuma ya tsaya.

Sa mutum cikin rajistar dabbobi, kusa da birai, ya jawo masa suka daga malaman addininsu da waɗansu masana. Shi mai imani ne ƙwarai, yana ganin aikinsa bayyana hikimar Mahalicci ne, amsarsa kuma ita ce a siffar jiki ya ke magana, a nuna masa haƙori ko gaɓar da ta raba su in akwai. Bambancin mutum yana ga hankali, shi ya sa ya kira shi Homo sapiens, watau mutum mai hankali.

Amma a kan mutum ɗin ne ya yi kuskurensa mafi muni, ba kuwa za a rufe shi ba. Ya raba 'yan Adam kashi huɗu bisa nahiya da launi, a 1758 kuma ya liƙa wa kowane kashi hali. Turawa ya ba su kaifin basira da bin doka, baƙar fata kuwa ya siffanta su da lalaci da sakaci da bin son zuciya. Mutumin da ya ƙi yarda da macijin Hambug sai da ya ƙidaya haƙora, a nan ya karɓi labarin matuƙan jiragen ruwa na zamanin cinikin bayi ba tare da ya auna ba. Waɗanda suka zo bayansa suka ɗauki wannan suka yi masa rigar ilmi, aka daɗe ana cutar mutane da shi. Da ya bincika, da ya ji cewa a 1732, shekarar da ya ke yawo a Laplan, wani Bakatsine, Muhammadu ɗan Muhammadu Alkashinawi, ya rubuta littafi a kan lissafin hatimi, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741 yana malami abin girmamawa, shekarar da shi Liniyus ya hau kujerarsa a Upsala. Ilmin yau ya tabbatar 'yan Adam duka iri ɗaya ne, asalinsu kuma Afirka.

Almajiransa Da Ƙarshensa

Da ya ke shi ba ya fita, sai ya riƙa aika almajiransa. Su 17 ne suka shahara da wannan, 7 daga cikinsu ba su komo gida ba. Hasselquist ya zaga Masar da Falasɗinu ya mutu a Izmir a 1752. Forsskal, wanda ya riƙa rubuta sunayen halittu da Larabci kamar yadda mutanen wurin ke faɗi, zazzaɓi ya kashe shi a Yaman a 1763. Solander ya bi jirgin Kyaftin Kuk ya kewaya duniya. Andreas Berlin ya mutu a wani tsibiri a gaɓar Gini a 1773. Goran Rothman ya kai Tarabulus, inda ayarin Kano ke sauke kaya, amma bai keto hamada ba. Afzelius ya je Saliyo a 1792, bayan rasuwar malaminsu. Babu ko ɗaya da ya iso ƙasar Hausa. Matar almajiri na farko da ya mutu a hanya ta zarge shi da mai da 'ya'yanta marayu, daga nan ya fi son aika marasa aure.

Sarki ya ba shi sarauta a 1761, sunansa ya koma von Linne. Yana da son yabo, ba ya kuma jure suka, har ya kan raɗa wa ciyawa mara kyau sunan wanda ya soke shi. Bayan gobarar da ta ci wani sashe na Upsala a 1766 ya gina ɗakin dutse a kan tudu a gonarsa ta Hammarby ya kwashe kayansa can, yana koyar da ɗalibai na musamman a wurin. Bugu na 12 na littafin nan mai shafi 12 ya haura shafi 2,000. A 1774 ciwon shanyewar jiki ya same shi, ya sake bugunsa a 1776, tunaninsa ya tafi. Mutumin da ya raɗa wa dubban halittu suna ya kai ga yana duba littattafansa bai san shi ya rubuta su ba. Ya mutu ran 10 ga watan Janairu, 1778, aka binne shi a babbar majami'ar Upsala.

Ɗansa ya gaje shi a kujera, amma ya mutu a 1783. Shekara ta gaba matar Liniyus ta sayar da littattafai da busassun tsirrai da sauran kayan ga wani saurayi Bature ɗan Ingila, James Edward Smith, a kan gini 1,000, watau fam 1,050. Smith ya kafa ƙungiya da sunan Liniyus a Landan a 1788, kayan suna hannunta har yanzu. A taron wannan ƙungiya ne, ran 1 ga watan Yuli, 1858, aka karanta takardun Darwin da Wallace, waɗanda suka kawo bayanin cewa kamannin da ke tsakanin dabbobin gida ɗaya gado ne daga kaka ɗaya.

Rajistar ta daɗe kafin ta iso mu. A 1920 wani Bature, Angus Buchanan, ya bi ta Kano zuwa Damagaram da Azbin yana tara fatu da ƙoƙunan kai, masana a Ingila suka ba waɗanda ba a sani ba suna. A 1953 Rosevear, ma'aikacin gandun daji, ya fitar da jerin dabbobi masu shayarwa na Nijeriya da taswirar inda a ke samunsu. Happold, wanda ya koyar a Jami'ar Ibadan, ya fitar da cikakken littafi a 1987 mai ɗauke da iri kusan 250, mafi yawansu jemagu ne da ɓeraye. Ke nan malamin Kurfi ko Kuki da ke kukan rashin kayan koyarwa yana zaune cikin kayan ne. Kan ragon layya, da na gafiya, da na zomo, da mataccen jemage daga gindin kuka sun isa a nuna rukuni huɗu a kan tebur ɗaya, a tafasa, a kankare, a shanya, ba a kashe ko kwabo ba. Tsofaffin maharba kuma suna riƙe da abin da babu a littafi, watau inda gwanki da kanki da ɓauna da mazo ke sha ruwa a da, da shekarar da aka daina ganinsu. Dajin Rugu, wanda ya kamata ya zama wa ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma abin da bayan garin Upsala ya zama wa na Liniyus, sara da noma sun rage shi, rashin tsaro na shekarun nan kuma ya sa malami ba zai ɗauki 'ya'yan mutane ya shiga da su ba.

Raƙumin dawa na yammacin Afirka, wanda masani Oldfield Thomas ya ba sunansa na musamman a 1898 daga wanda aka harbe kusa da Lakwaja, ya ƙare a Nijeriya. Ragowarsa tana Jamhuriyar Nijar, wajen Kure kusa da Yamai, inda a 1996 aka ƙidaya 49 kacal. Da gwamnati da mutanen ƙauyukan suka tsare su, suka haura 600. A 2018 aka ɗauki 8 a mota aka kai gandun Gadabeji, arewa da Maraɗi, inda aka yi shekaru da yawa ba a ga ko ɗaya ba.